An ɗaukaka ƙara kan kuɗin lauyoyi, yaushe za a biya mu diyya?

Tambaya: Barista, barka da aiki. A Amurka nake zaune. An aiko mini da takarda cewa ina cikin waɗanda za a biya diyya a wata ƙarar gayya (wadda ake shigarwa a madadin mutane da yawa) da aka kai wani kamfani, har an yi sulhu. Tun bara na cike fom, shiru kake ji. Yanzu an ce wani daga cikinmu ya ɗaukaka ƙara, wai kuɗin lauyoyi ya yi yawa. Ina ruwansa da abin da lauyoyi za su samu? Wannan ba baƙin ciki ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, da ruwansa, kai ma da ruwanka. A yawancin irin wannan sulhu, kamfani kan zuba kuɗi ne a asusu guda, daga ciki ake cire ladan lauyoyi, abin da ya rage a raba muku. Duk dalar da ta tafi wajensu, daga rabonku ta fita.

Ga inda gizo ke saƙar. Da zarar an daidaita kan jimillar kuɗi, kamfani bai damu da yadda za a kasafta shi ba. Lauyoyin da suka tsaya muku kuwa, a wannan gaɓar kasonsu suke karewa. Babu wanda ya rage a ɓangarenku sai alƙali da wanda ya tashi ya yi ƙorafi. Shi ya sa Doka ta 23 ta ƙa'idojin kotunan tarayya ta ce sai kotu ta amince da ladan, kuma kowane ɗan gayya yana da damar ƙalubalantarsa. A 2002, a shari'ar Devlin da Scardelletti, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa wanda ya yi ƙorafi a kan lokaci yana iya ɗaukaka ƙara ko da ba sunansa ke kan takardar ƙarar ba.

Alƙalai kan auna ladan ta hanya 2: ko a ba da kaso daga asusun, inda kashi 25 cikin 100 ya zama ma'auni a wasu kotuna, ko a lissafa awannin da lauyoyi suka yi aiki a ninka da farashin awa. Rigima kan tashi ne idan lissafin 2 suka yi hannun riga. Haka ta faru a sulhun kamfanin sadarwa na T-Mobile na dala miliyan 350 kan satar bayanan masu waya: a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke ladan dala miliyan 78.75, domin ya kai kusan ninki 10 na ƙimar aikin da aka yi. A 2017 ma an rushe sulhun kamfanin sayar da abinci na Subway kan tsawon burodi, wanda ya ba lauyoyi dala 520,000, masu saye kuma ba su sami ko sisi ba.

Ba kullum ake nasara ba, domin kotun sama ba ta taɓa hukuncin sai ta ga alƙali ya wuce gona da iri. A sulhun Equifax, kamfanin tattara bayanan bashi, an amince da ladan dala miliyan 77.5 daga asusun miliyan 380.5 a farkon 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da shi a 2021, kuɗi bai fara isa hannun mutane ba sai ƙarshen 2022. Wannan jinkirin yana da ciwo, ban raina shi ba.

Zarginka ma yana da tushe. Akwai waɗanda suka mai da ƙorafi sana'a, su ɗaukaka ƙara don a ba su na goro su janye. Tun Disambar 2018 aka ɗaure wannan: ba a biyan mai ƙorafi don ya janye sai da amincewar kotu.

Abin da za ka yi yanzu: shiga shafin intanet na sulhun, ka karanta yarjejeniyar, ka nemi wurin da ta fayyace ranar da za ta fara aiki. Wasu yarjejeniyoyin sun ware batun ladan lauyoyi daban, don haka biyanku ba ya jiran wannan ƙarar. Idan taku ba ta ware ba, ka sa ran jiran shekara 1 ko fiye. Ka adana lambar fom ɗinka, kuma idan ka sauya gida ko asusun banki, ka sanar da mai rabon kuɗin nan take.