Godiya idan makarantar mishan ta bunƙasa

Malama, kin ce yaran makarantarku ta mishan sun ƙaru har azuzuwa sun cika, kuma kina tambayar yadda ya kamata ku nuna godiya.

A ganina, ku fara da sujadar godiya ga Allah tare da iyaye da ikilisiya, sannan ku ambaci malamai, masu dafa abinci da masu gadi da sunayensu, domin su suka ɗauki nauyin yaran tun ana ƙarancin kuɗi. Tsofaffin makarantun mishan irin na Wusasa a Zariya da Gindiri a Jihar Filato ma da haƙurin irin waɗannan ma'aikata suka kafu. Masu taimako kuwa, ku rubuta musu wasiƙa mai bayyana inda kowace naira ta shiga.

Kuskuren da aka saba yi shi ne auna ci gaba da yawan kawuna kaɗai, alhali aji mai cunkoso yakan danne yaro mai rauni a karatu. Kada kuma ku yaɗa hotunan yara, musamman marayu, ba da izinin masu riƙonsu ba.

Kafin ku ƙara aji, ku tuntuɓi ma'aikatar ilimi ta jiharku, ku kuma samo akanta ya duba littattafan kuɗinku.