Tambaya da Amsa: Wa ke zuba wa teku taki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce ina karanta bayoloji, an koya mana wake da gyaɗa suna kamo naitirojin daga iska su amfanar da ƙasa, toh sai na ji wai a teku ma akwai ƙwayoyin halitta masu wannan aikin amma wai sai a ruwa mai ɗumi kusa da Ikwaita, can wajen ƙanƙara babu su. Gaskiya ne? In gaskiya ne me ya hana su? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Abin da kika ji shi ne ke cikin tsofaffin littattafai, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma an wuce wurin yanzu.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, tana narkewa a ruwan teku ma, amma tsiro ba ya iya cinta a haka don ƙwayoyinta biyu a ɗaure suke tamau, sai an samu mai kwance su ya maida su amoniya. In kika tuge gyaɗa kika duba saiwar za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje, ki fasa ɗaya da farce za ki ga cikinsa jaja-jaja, toh bakteriyar da ke zaune a ciki ita ke aikin ba gyaɗar ba. A teku ma haka ne, sai dai can babu saiwa, a saman ruwa suke yawo.

Wadda ta fi suna ita ce Trichodesmium. Zare-zare ce siriri, tana dunƙulewa har ido ya ganta, in ta yi yawa sai ta shimfiɗu a saman ruwa kilomita da kilomita, launin ƙasa-ƙasa. Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya ci karo da ita a gaɓar Ostireliya a 1770, Darwin ma ya ganta kusa da Barazil a 1832, amma sai a 1961 Richard Dugdale da abokan aikinsa suka nuna a Tekun Sargaso, wani yanki na Atilantika, cewa kama naitirojin take yi. Ita kam ba ta son sanyi, in ruwa ya yi ƙasa da digiri 20 ba ta sakewa, tunda kuma ita aka fi sani shekara da shekaru sai kowa ya ɗauka duk masu sana'ar haka suke.

Ni a ganina zafi ba shi ne babban dalili ba, tsada ce. Kwance naitirojin yana cin ƙarfi sosai, kuma sinadarin da ke aikin, naitirojines, yana buƙatar ƙarfe mai yawa sannan oksijin na lalata shi, ga shi su kansu waɗannan halittun in rana ta fito oksijin suke fitarwa. Akwai wata ƙarama, Crocosphaera, da ta raba aikin biyu, da rana ta tara abinci da dare ta kama naitirojin. Toh duk wannan wahala wa zai sha ta in akwai naitiret, wato naitirojin ɗin da tsiro ke iya ci kai tsaye, a banza? A tsakiyar manyan tekuna masu ɗumi ruwan da ke saman teku ba ya gaurayuwa da na ƙasa, naitiret ya ƙare ƙarƙaf, nan ne mai iya kamowa daga iska ke cin kasuwa. Amma a Tekun Kudu da ke zagaye da Antaktika naitiret ya yi yawa har ba a cinye shi, ƙarfe ne ma babu, haka a gaɓar Namibiya da Peru inda ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa da abincinsa, sauran tsirran ruwa sun fi masu kama naitirojin saurin hayayyafa sai su danne su.

Abin da ya birkita lissafin kuwa, a 1998 Jonathan Zehr da mutanensa suka tsinci wata halitta da ba su ma ganta da ido ba, ƙwayar gadonta kawai suka samu a ruwa, suka sa mata UCYN-A. Daga baya aka gane a cikin wani ɗan tsiron ruwa mai ƙwaya ɗaya take zaune, ita ta ba shi naitirojin shi ya ba ta abinci. Ita sanyi bai dame ta ba, a 2018 aka wallafa cewa an same ta tana aiki a tekunan Bering da Chukchi can tsakanin Alaska da Rasha, a 2020 kuma masu bincike daga Japan suka auna kama naitirojin a gaɓar Antaktika kanta. A 2024 aka nuna zaman nasu ya yi nisa har ta zama wani sashe na jikin tsiron, suna rabuwa tare in zai hayayyafa, aka kira ta naitirofilas.

Sai dai kar ki je jarrabawa ki rubuta ko'ina ɗaya ne fa. Samun abu daban, yawansa daban, har yanzu mafi yawan aikin a ruwa mai ɗumi ake yinsa.

TAMBAYA: Malam na ga ana yaɗawa wai ƙurar hunturu da ke toshe mana hanci har teku take zuwa ta zama taki, ko dai zancen Facebook ne? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Ɗan'uwa wannan karon 'yan Facebook sun yi gaskiya. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ƙasan tsohon tafki ne da ya ƙafe, iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙurar wurin, lokacin sanyi ta fi tashi, wani kaso shi ne hazon da ke rufe mu, wani ya wuce Atilantika. Masu binciken NASA sun ƙiyasta a 2015 cewa tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga Sahara ta yamma duk shekara, kusan miliyan 27 ke sauka a dajin Amazon, mai yawa daga ciki a ruwa take zubewa a hanya. Ba naitirojin take kai wa halittun teku ba, ƙarfe ne da ɗan fosfaras, wato abin da masu kama naitirojin ke nema ido rufe. Shi ya sa Trichodesmium ta cika arewacin Atilantika mai ɗumi inda ƙurar ke sauka, kudancinsa kuma ga ɗumin nan amma ba ta da yawa. An ma kalli Trichodesmium a madubin ƙara girma a Mashigin Akaba da ke Bahar Maliya, dunƙulenta yana kama ƙwayar ƙura ya tura ta tsakiyarsa da zare-zarensa ya riƙe har ƙarfen ya narke.

TAMBAYA: Malam ni taki nake sayarwa, su waɗannan 'yan ƙananan abubuwan tan nawa suke yi, sun kai kamfani? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji ai sun kai duk kamfanonin duniya in an haɗa. Ƙiyasin masana yana tsakanin tan miliyan 100 zuwa 200 na naitirojin a shekara, kusan daidai da abin da masana'antun amoniya ke yi, su da ke haɗa amoniya ta hanyar Jamusawa Haber da Bosch tun 1913, wadda da ita ake yin yuriya. Amma ba taruwa yake yi ba, akwai wasu bakteriya a wuraren da oksijin ya yi ƙaranci, kamar Tekun Larabawa da gaɓar Peru da Meziko da cikin lakar ƙasan teku, da ke maida naitiret iska ya koma sama, ko shiga da fitan sun yi daidai kuwa har gobe masana na jayayya a kai.