Doki ko bishop a wasan ces (chess)? Ni ma wannan tambayar ta taɓa ci min tuwo a ƙwarya

Ɗan'uwa da ka tambaya ko ka riƙa ba da dokinka kana cin bishop duk sanda ka samu dama, tunda an ce maka bishop ya fi, wallahi ina karantawa sai na ji kamar ni na rubuta. Haka wani da ya girme ni a ces ya cusa min a kai, wai doki na 'yan koyo ne, manya bishop suke riƙewa. Shekara biyu ina bin maganarsa ido rufe.

Ranar da abin ya fashe min a wata gasa ce, zagayen ƙarshe, kuma shi ɗin aka haɗa ni da shi. Ni ke da baƙi, na buga salon buɗe wasa da ake kira Faransa, sojojina sun tsaya a e6 da d5 (sunayen gidajen allo ne, harafi da lamba), nasa a e5, tsakiya ta toshe. Dokina ya je b4, na ga bishop ɗinsa a d3 na cafke ina murna a raina wai yau na yi wa malam da darasinsa. Bayan nan muka yi musayar bishop na baƙaƙen gidaje, sai ya rage ni da na c8, shi kuma da doki. Ya kawo dokin nan d4 ya zaunar. D4 baƙin gida ne, bishop ɗina na fari ne, shi kuma bishop ba ya barin launinsa, har abada ba zai taɓa shi ba, sojan c ya riga ya tafi, na e kuma an tare masa gaba. Kusan awa ɗaya ina kai bishop d7 in dawo da shi c8, d7, c8, kamar mai tsaron ƙofa, sojojina da kansu sun kulle shi, shi kuma mutumin yana shigo da sarkinsa a hankali ta baƙaƙen gidaje yana wani murmushi. Da na miƙa hannu sai ya ce a gaban mutane, "ai kai ka ba da dokin kirki ka riƙe babban soja." Shi fa ya koya min! Ko a fuska bai nuna ya tuna ba. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake, daren ban yi barci ba.

To maki uku-ukun da ake ba doki da bishop, in soja maki ɗaya ne, kusan daidai ne. Larry Kaufman, wani masanin ces, da ya bincika ɗimbin wasanni a 1999 ya ba kowanne uku da kwata, abin da ya samu shi ne in kana da bishop biyu abokin karawarka ba shi da, wannan ya kai rabin soja. Biyun ne ke da ƙarin daraja, ba guda ɗaya ba, abin da ba a faɗa min ba kenan. Guda ɗaya gida 32 kawai yake gani cikin 64.

Kafin ka yi musaya dubi sojojinka, a wane launi suka kafe? In launin bishop ɗin da zai rage maka ne, kar ka soma. In fili a buɗe yake kuma akwai sojoji hagu da dama, nan bishop ke cin kasuwarsa, doki daga a1 zuwa h8 sai ya yi tsalle shida, bishop tafiya ɗaya. Nemi wasa na huɗu na manyan 'yan wasan nan Fischer da Taimanov na 1971 ka ga yadda bishop ya wahalar da doki, don doki ba ya iya ɓata tafiya ya tsaya yadda yake, kowane tsalle sai ya canza launi. Amma Fischer ɗin nan a shekarar ya ba da dokinsa mai kyau ya ci bishop ɗin wani gwanin, Petrosian, na d7 da kowa ke gani mara amfani ne, kuma ya ci wasan. Ka ga ko shi abin da zai rage a kan allo yake kallo.

Kuma don Allah daina ajiye doki a gefe, a tsakiya gida takwas yake kaiwa, a gefe uku ko huɗu, a kusurwa biyu tak. In wasan sauri kake yi, minti uku ko biyar, ni dai doki nake tsoro, in lokaci ya ƙure fok ɗinsa, wato kai hari kan abu biyu lokaci guda, ba ya sallama, sarauniya nawa na rasa a haka.

Af, wani abu da ya taɓa ƙona ni, in ya rage kai da bishop da sojan h, wato na layin gefe, duba launin gidan da sojan zai zama sarauniya. In ba launin bishop ɗinka ba ne kuma sarkinsa ya riga ka kusurwar, kunnen doki ne ko ka kwana kana bugawa. Turo wasan da ka ce ka sha kashi mu gani, ina zargin irin bishop ɗina ne ya rage maka.