Kafin ka zaɓi igiyar hawa, auna abin da ke ƙarƙashinka

Ɗana, ka ce ka ga igiyoyin tsaro iri-iri a shago, wata zalla, wata da ƙunshi a wuyanta, wata mai reshe biyu, kana tambayar wacce za ka saya tunda aikin rufin sito ya matso. Amsar tana wurin aikin. Abu biyu za ka fara sani: ina za ka maƙala ƙugiya, kuma mita nawa ne daga nan zuwa abin da za ka fara buga in ƙafa ta zame.

Igiya zalla aikinta ta hana ka isa bakin rufi tun farko, ko ta tokare ka a jikin ƙarfe hannuwanka su samu sakewa. Ba a faɗowa a kanta. In ta tsayar da kai cak bayan mita biyu, wataƙila ita ba za ta tsinke ba, amma ƙashin bayanka zai ji a jikinsa. Dalilin ƙunshin nan ke nan. Ɗamara ce aka naɗe a ciki, in nauyi ya fizge ta sai ta riƙa yagewa tana shanye ƙarfin faɗuwar. Ƙa'idar Turai, wadda za ka ga an rubuta EN 355 a jikinta, ta ce abin da zai daki jikinka kada ya wuce kilonewton 6, wajen nauyin kilo 600. Da nauyin kilo 100 ake gwada ta, don haka mai jiki, ga jakar kayan aiki a ƙugu, sai ya karanta iyakar nauyin da aka rubuta.

To ga inda yara ke ruɗewa. Ƙunshin da ke ceton bayanka tsawo yake ƙara wa igiya. Yi lissafi: igiya mita 2, ƙunshi na iya warwarewa har mita 1.75, daga zoben da ke bayan bel ɗinka na jiki, mai ɗaure kafaɗu da cinyoyi, zuwa tafin ƙafa wajen mita 2 in an haɗa da miƙewar bel, sannan a bar rarar mita 1. Mita 6.75 ke nan ƙasa da inda ƙugiya take. Yanzu ka ce rufin mita 5 ne, ka kuma maƙala a dab da ƙafarka. Kana sanye da kaya masu tsada za ka sha ƙasa, igiyar ba ta gama aikinta ba. Kuma maƙalawa a ƙafa ninka faɗuwa take yi, igiyar mita 2 ta ba ka mita 4 a iska. Kullum nemi sama da kanka.

A wuri mara tsawo irin wannan, ni na fi son mai naɗe kanta, wadda ke kullewa da an fizge ta kamar bel ɗin mota. A rataye ta a sama. In za ta bi ta kan kaifin kwano ko ƙarfe, sai wadda aka yi don hakan.

Mai reshe biyu ta hawan ƙarfen sabis ce da duk inda ake tafiya ana sauya wurin maƙalawa: ba ka cire ɗaya sai ɗayar ta kama. Reshen da ba ka amfani da shi kada ka maƙala shi a zoben ƙugu, yana iya hana ƙunshi warwarewa. Ranar walda kuwa tartsatsi cinye nailan yake, sai ta wayar ƙarfe ko ta Kevlar, wani zare mai jure zafi.

Zoben baya, tsakanin kafaɗu, inda aka sa alamar A, nan igiyar faɗuwa take shiga. Bel ɗin ƙugu kaɗai da har yau ake yawo da shi, Amurka ta hana tare faɗuwa da shi a aikin gini tun 1998. Ban da ƙulli, ban da haɗa igiya biyu don ƙarin tsawo, ban da zagaya ta a jikin ƙarfe ka maƙala ta a kanta.

Na san kuɗi zai ja ka wajen 'yan gwanjo. Kada ka je. Wadda ta taɓa tare mutum ta gama aiki, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Ko sabuwa ce, kowace safiya ka bi ta da yatsu, ka duba ɗinki, ka danna ƙugiya ka ji ta kulle da kanta. In rana ta ƙoɗar da ita har ta yi tauri, ko rubutun jikinta ya goge, kawo min in yanka ta da kaina don kada wani ya tsinta.