Tambaya da Amsa: Fada Bafaranshe a Kambodiya

Tambaya: Malam, wane limamin Katolika ne ya yi suna wajen zama cikin al'ummar Khmer ta ƙasar Kambodiya, kuma yaya zamansa ya kasance? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malama, Fada François Ponchaud ne, wanda ya sauka Kambodiya a 1965. Ya duƙufa wajen koyon harshen Khmer har ya laƙance shi, abin da a ganina ya buɗe masa zukatan mutanen da akasarinsu mabiya addinin Buddha ne. Yana birnin Phnom Penh ranar 17 ga Afrilu 1975, lokacin da mayaƙan ƙungiyar 'yan kwaminisanci ta Khmer Rouge suka kori mazauna birnin zuwa ƙauyuka, shi ma aka fitar da shi daga ƙasar. Ya koma Kambodiya a 1993, ya rasu a Faransa a 2025.