Taswira da Kundin Bayanai ga Mai Ƙirƙirar Masarauta a Labari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, ina rubuta ƙagaggen labari game da wata masarauta da ni na ƙirƙire ta. Na kai babi na 9 sai ƙawata ta lura cewa kasuwar da na ajiye gabas da fada a babi na 2 ta koma yamma, kuma hanyar da jarumata ta yi kwana 3 a kanta ta dawo ta cikinta a yini guda. An ce in riƙa yin zane da ajiye bayanai, amma ban iya zane ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƴata. Ki fara da yi wa ƙawar nan taki godiya, domin abin da ta gani shi ne mai karatu zai gani, kuma da zarar ya kama marubuci da saɓani irin wannan, ba ya sake gaskata sauran labarin. Batun rashin iya zane kuwa kada ya dame ki. Duk wanda ya taɓa tsugunawa ya yi wa baƙo kwatancen gida da tsinke a ƙasa ya iya zanen da ake bukata: da'ira gari ce, layi hanya ce, ɗigo rijiya ce. Taswirar taki ce ke kaɗai, aikinta ta hana ki mantuwa.

Abu na farko da za ki sa a takardar shi ne ruwa, tun kafin fada da kasuwa, domin mutane ba sa kafa gari sai sun san abin da za su sha da rani. Garinmu ya ishe ki misali. Zinder na zaune a kan duwatsu, ruwa ya daɗe yana ba ta wahala, kuma ƙarancinsa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. In masarautarki rijiya uku gare ta, tambayar wanda ke iko da su ta riga ta haifa miki rigimar da za ta riƙe babi biyar.

Daga nan ki dubi yadda tsohon garin nan ya kasu. Birni yana da fada da ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye shi da ita a ƙarni na 19, Zango kuwa a waje yake, masaukin fatake da Abzinawa masu ayari. Wannan rabuwa ta fi gaban gini, domin ita ke nuna wane ne ɗan gari, wane ne baƙo, wa ke kwana a ciki in an rufe ƙofa. Ki zana ganuwarki, ki ba kowace ƙofa suna, ki rubuta a gefe sana'ar da ake yi kusa da ita. Majema da mahauta, alal misali, ba kasafai ake ajiye su a jikin fada ba, saboda wari.

Kuskurenki na biyu lissafi ne ke maganinsa. Tsakanin Zinder da Kano akwai kimanin kilomita 240. Ayarin raƙuma da ke cin kilomita 30 a yini zai yi kwana 8 kafin ya isa, mai doki kuma zai riga shi. Ki rubuta a kan kowane layi na taswirar kwana nawa ake yi a ƙafa, nawa a kan doki, da rani da kuma damina lokacin da ƙorama ta kawo. Ki haɗa da lissafin wata: in an yi biki a daren sha huɗu cikin farin wata, ɓarawon da ya zo bayan mako biyu a duhu zai zo.

Sauran bayanai littafin rubutu guda irin na ƴan makaranta ya ishe su. Kowane mutum shafinsa: shekarunsa, iyayensa, sarautarsa in yana da ita, ko Galadima ne ko Ciroma, da irin kalmar da ba ta barin bakinsa. Shafi guda kuma na kuɗi, ko wuri ake ciniki da shi ko gishiri, da farashin mudun hatsi, don kada akuya ta fi doki tsada.

Da yake kin riga kin yi nisa, aikinki ya yi kama da na marubucin nan ɗan ƙasar Scotland, Robert Louis Stevenson. Taswirar tsibiri da ya zana a 1881 ce ta haifi littafinsa Treasure Island, amma ta ɓace bayan ya aika wa masu ɗab'i, dole ya bi littafin shafi-shafi yana tsinto kowane wuri da ya ambata kafin ya sake zana ta. Haka za ki yi wa babinki tara, da alƙalamin da ake iya gogewa, kina sa kowane wuri inda kika fara ambatonsa.

Sai dai na ga matasa da dama da daɗin ƙirƙira ya kwashe, suka shekara suna jera sunayen sarakuna arba'in ba su rubuta babi ko ɗaya ba. Mako biyu sun ishe ki, kuma yawancin abin da ke cikin kundin ba zai shiga labarin ba. Game da kasuwar, ki ƙirga wuraren da kika ce gabas da waɗanda kika ce yamma, ki bar ta a ɓangaren da ya fi yawa, ki gyara ragowar kafin ki taɓa babi na 10.