Amsa ga mai tambaya kan Massive Attack

Ɗan'uwa ka tambaya wai me yasa duk faifan Massive Attack da ka ɗauko sai kaji murya daban, ko watsewa suke ana sake haɗawa. Ni tun zamanin CD nake binsu, bari kaji yadda abin yake.

Su dama basu taɓa ajiye mawaƙi ɗaya tsayayye ba. Asalinsu masu saka faifai ne a wajen casu a Bristol ta Ingila, ana ce musu Wild Bunch, a 1988 mutum uku suka ware, 3D da Daddy G da Mushroom, ga Tricky yana raɓe dasu. Kiɗa suke haɗawa, murya kuma gayyatowa suke. Shara Nelson a faifan Blue Lines na 1991, Tracey Thorn a Protection na 1994, sai dattijo Horace Andy ɗan Jamaika wanda shi kam duk manyan faifansu biyar yana ciki, har wasu sun ɗauka ɗan gida ne.

Fitar Tricky bayan Protection bata dameni ba gaskiya, ya je ya fitar da nashi a 1995 kuma yayi kyau. Wadda ta taɓasu ita ce ta Mushroom. Lokacin faifan Mezzanine, 1998, 3D ya kafe sai an cusa jita mai nauyi kiɗan yayi duhu, shi kuwa Mushroom mutumin hip hop ne da soul, abin har ya kai basa son haɗuwa a situdiyo, kowa yazo yayi nashi ya kama gabansa. Ko waƙar Teardrop sai da aka ja, shi Mushroom Madonna yake so ta rera sauran suka ce Elizabeth Fraser, 1999 nayi ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Ka saka iyafis ka saurari yadda ganga take tafiya a Blue Lines sannan ka dawo 100th Window na 2003, wlh zakaji gurbinsa, ɗumin nan babu shi sam. A wannan faifan ma Daddy G baya nan, 3D ne kawai da furodusa Neil Davidge, sai a Heligoland na 2010 aka sake jin Daddy G a babban faifansu. Tricky ma ya leƙo a 2016, waƙa ɗaya tak.

Dan Allah kar ka fara da 100th Window, bisu a jere daga 1991.